Koya wa kwikwiyon farauta ɗauko tsuntsu: wace hanya ce ta dace da karenka?

Mafaraucin da ya samu kwikwiyo mai kyau, yana kuma son ya zama karen da zai riƙa ɗauko masa zabo ko fakara ko kirinjijiya bayan an harbo, yakan rasa shawarar da zai bi saboda kowa da abin da yake gaya masa. Wani zai ce ya sake shi cikin manyan karnuka kawai, daji zai koya masa komai. Wani zai nuna masa bidiyon Turawa a waya, inda ake matse wa kare kunne a kan tebur har sai ya buɗe baki ya karɓi abin da aka miƙa masa. Wani kuma zai ce ya kai shi wurin tsohon maharbi ya huta da wahala. Dukkan waɗannan hanyoyi suna da masu bin su, kuma kowacce ta taɓa fitar da kare nagari, amma ba kowacce ce ta dace da kowane kare ko kowane mai kare ba.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne ɗauko tsuntsu aiki ne dabam da kamun dabba. Karnukan farautarmu na ƙasar Hausa, da dogayen karnukan Azawak na Abzinawa da ke Nijar da Mali, an san su da gudu da kaifin ido da cafkar zomo ko gada, kuma ɗabi'arsu idan sun kama ita ce su ciza su girgiza har abin ya daina motsi. Karen ɗauko tsuntsu kuwa ana son ya jira a tura shi, ya bi sansana cikin ciyawa, ya ɗauki tsuntsun a hankali, ya dawo da shi hannun maigidansa. Ashe ke nan ana neman ya danne wani ɓangare na halinsa na asali, kuma hanyar da aka zaɓa ita ce za ta nuna ko zai iya.

Ma'aunan da za a auna kowace hanya da su

Ma'auni na farko, wanda a ganina ya fi sauran nauyi ga mafarauci Musulmi, shi ne taushin baki da miƙa tsuntsu a hannu. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kama wa mai su, kuma a hadisin Adiyyu bin Hatim da Bukhari da Muslim suka ruwaito an hana cin abin da karen ya ci daga jikinsa, saboda tsoron ko don kansa ya kama. Malaman Malikiyya sun sassauta a wannan gaɓa, amma babu saɓani cewa abin da aka riska da ransa sai an yanka shi. Tsuntsayen da ake harbowa da bindigar toka ko danƙo kuwa da yawansu faɗowa suke yi da rauni kawai, sau da yawa karayar fiffike. Karen da ya kawo irin wannan tsuntsu da ransa ya bai wa maigidansa damar yanka, wanda kuma ya murƙushe shi a hanya ya lalata nama, ya kuma jefa maigidan cikin shakka.

Na biyu shi ne kuɗi, wato kayan horo, abinci, da ladan mai horarwa idan akwai. Na uku shi ne ɗorewar horon: shin karen zai ci gaba da ɗaukowa bayan damina ta raba shi da daji wata huɗu ko biyar, kuma zai ɗauko ranar da ya gaji ko ƙarangiya ta cika masa ƙafa? Na huɗu shi ne sauƙi ga mutumin da bai taɓa horar da kare ba. Na biyar shi ne haɗari, ga lafiyar karen da kuma ga halinsa, domin kuskuren da aka yi wa kwikwiyo a watanninsa na farko yakan bi shi har tsufa.

Abin da ya hau kan kowa kafin zaɓi

Kowace hanya aka ɗauka, ba a kai kwikwiyo daji ko cikin wasu karnuka kafin a kammala masa rigakafi. Alluran cututtukan kwikwiyo, irin su gudawar jini mai saurin kisa, ana fara su ne daga mako 6 zuwa 8 a maimaita har wajen mako 16, allurar ciwon haukan kare kuma daga wata 3. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana samar da allurar haukan kare, kuma likitan dabbobi mafi kusa zai tsara jadawalin.

Akwai kuma maganar haƙora, wadda mutane da yawa ba sa kula da ita. Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, suna zubewa daga wajen wata 4, kuma kafin ya cika wata 7 manyan haƙora 42 sun maye gurbinsu. A wannan tsakani dasashinsa yana ciwo, saboda haka duk wani abu mai tauri da aka tilasta masa riƙewa zai sa ko dai ya tsani ɗauka ko ya koyi tauna don ya sosa bakinsa. Duk hanyar da za a bi, a sassauta aikin baki a waɗannan watanni, a mayar da hankali kan amsa kira da zama da tafiya a gefen ƙafa.

Hanya ta ɗaya: wasa da lada a gida

Wannan hanya ta dogara ne kan sha'awar da kwikwiyo yake da ita ta bin abin da aka jefa da yawo da shi a baki. Ana farawa tun yana da wata 2 zuwa 3 da tsumma da aka naɗe aka ɗaure, a cikin soro ko lungun da ba shi da mafita sai ta wurin mai jifan, domin kwikwiyon ya saba cewa hanyar dawowa ɗaya ce. Jifa biyu ko uku sun isa a zama ɗaya, a kuma tsaya tun yana marmari, domin gundura ce babbar abokiyar gabar wannan hanya. Idan ya dawo, ba a fizge tsummar nan take. A shafa shi yana riƙe da ita, sannan a sa hannu a ƙarƙashin haɓarsa a karɓa da kalma ɗaya da ba ta canzawa, kamar "saki", a ba shi ɗan gutsuren busasshen kifi ko hanta. Abubuwa biyu ne haramun a nan: jayayya da shi a kan tsummar, wadda ke koya masa ƙanƙame haƙora, da bin sa a guje idan ya tsere da ita, wanda ke koya masa cewa tserewa ita ce wasan. Idan aka fita fili, doguwar igiya mai kamar mita 10 a wuyansa ita ke maye gurbin bangon soro.

Bayan haƙora sun gama fitowa sai a ɗaura fukafukan zabo a jikin tsummar, daga nan a koma matacciyar tantabara da ta huce, a zura ta cikin tsohuwar safa don kada gashi ya cika masa baki ya fara fizga, sannan a cire safar, sannan a kai ga tsuntsun da aka harbo da ɗuminsa. Ƙarar bindiga kuma ana gabatar da ita daga nesa sosai, kamar mita 100, a lokacin da hankalinsa ke kan wasa ko abinci, ana matsowa sannu a hankali cikin kwanaki.

Kuɗin wannan hanya bai taka kara ya karya ba, tun da kayan duk suna cikin gida. Tana da sauƙi ga sabon shiga, in dai yana da minti 10 safe da yamma a kullum, kuma a nan ne mutane suka fi gazawa, domin aikin yana son naci fiye da ƙwarewa. Haɗarinta ga halin kare shi ne mafi ƙanƙanta, kuma ita ce ta fi fitar da baki mai taushi. Raunin da ke gare ta yana wajen ɗorewa: kare ne da ya koyi ɗauko don yana jin daɗi, saboda haka ranar da zafin rana ya dame shi ko ya hango zomo, yana iya ajiye tsuntsun a rabin hanya. Haka kuma idan kwikwiyon tun asali ba shi da sha'awar ɗaukar abu a baki, kamar yadda ake samu a tsakanin karnukan gudu, hanyar tana tafiya da nawa.

Ana iya toshe wannan rauni da ƙarin darasi guda bayan wata 7, wato koyar da "riƙe" ba tare da azaba ba: a zaunar da karen, a sa masa tsummar a baki a hankali, a tallafe haɓarsa na 'yan daƙiƙoƙi, a karɓa, a ba shi lada, a riƙa tsawaita lokacin har ya iya tafiya da ita a baki ba tare da yarwa ba. Makonni kaɗan na wannan darasi suna mayar da wasa ya zama umarni.

Hanya ta biyu: koyo a bayan manyan karnuka

Wannan ita ce hanyar da aka gada, kuma ba banza aka gaje ta ba. Kwikwiyon da ya bi gogaggen kare yana koyon karatun daji cikin sauri fiye da yadda mutum zai iya koya masa: inda fakara ke lafewa, yadda garken zabi ke gudu a ƙasa kafin ya tashi, amfani da iska wajen sansana, amsa ƙaho ko fito daga nesa. Yana kuma ganin manya ba su damu da ƙarar adaka ba, sai shi ma ya kwantar da hankalinsa. Ga wanda yake da babban kare ko yake fita da ƙungiyar 'yan farauta, kuɗinta kusan babu, kuma ba ta cin lokacinsa na gida.

Matsalar ita ce abin da garken karnuka ke koyarwa kamu ne da rige-rige. Idan tsuntsu ya faɗo karnuka huɗu suka yi kansa, darasin da kwikwiyo zai ɗauka shi ne ya ciza da ƙarfi, ya gudu da rabonsa, ya haɗiye kafin a ƙwace. Wannan hali yana ɗorewa sosai, kuma a nan ɗorewar ce illa, domin karen da ya ɗanɗana cin tsuntsu a daji sau biyu ko uku yana da wuyar gyara. Al'adar barin kare da yunwa kafin fita don ya ƙara zafi tana ƙara dagula lamarin ga karen ɗauko. Ga kuma haɗarin jiki: cizon manyan karnuka, kububuwa a cikin busasshiyar ciyawa, kaska, da harbin kuskure a farautar taron jama'a inda ƙaramin kare ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Hanyar tana amfani idan an taƙaita ta: kare babba guda ɗaya, wanda shi kansa yake miƙa tsuntsu a hannu, kwikwiyon kuma yana ɗaure da igiya yana kallo, ana tura su ɗaya bayan ɗaya. A wannan tsari kishi yana yi wa mai horo aiki, domin kwikwiyon da ya ga ana yaba wa babba yakan ƙosa a ba shi nasa zagayen.

Hanya ta uku: horon tilas

Wannan ita ce hanyar da ta yaɗu a tsakanin masu horar da karnukan farautar agwagi a Amurka. Ana ɗora kare a kan tebur bayan manyan haƙoransa sun gama fitowa, a matse masa kunne ko a ja yatsun ƙafarsa da siririyar igiya, a saki matsin a daidai lokacin da ya karɓi abin da aka miƙa masa. Da haka yake gane cewa ɗauka ce ke kashe zafin. Daga tebur a sauko ƙasa, daga ƙasa a koma fili, kuma yawanci aikin yana cin wata ɗaya zuwa biyu na zama kullum. Wasu suna ƙarawa da abin wuya mai jan lantarki.

Ba za a musa ba, idan gwani ne ya yi, wannan hanya ce ta fi ɗorewa. Karen yana ɗauko ko yana so ko ba ya so, cikin ruwan sanyi ko cikin ƙaya, kuma ba ya yar da tsuntsu a bakin gaɓa don ya kakkaɓe jikinsa. Amma ya kamata mai karatu ya lura da irin karnukan da aka gina hanyar a kansu. Irin karen da ake kira Labrador, wanda asalinsa gabashin Kanada ne aka kuma inganta shi a Birtaniya a ƙarni na 19, an daɗe ana zaɓar irinsa saboda son ɗauko da haƙuri da hannun mutum, saboda haka yana jure matsi ya koma yana kaɗa wutsiya. Karnukanmu na gida da na Azawak suna da saurin tsorata da riƙe abu a rai, kuma da yawansu idan aka matsa musu haka ko dai su sandare su ƙi motsi, ko su yi cizo, ko su daina yarda da hannun maigidansu gaba ɗaya.

Ita ce kuma mafi wuya ga sabon shiga, domin komai ya rataya ne a kan sakin matsi a daidai ƙiftawar ido. Jinkirin daƙiƙa ɗaya yana koya wa kare cewa ɗaukar ce ta jawo masa zafi, wato akasin abin da ake nufi. Bidiyon waya ba ya koyar da wannan. Kayan tebur ba su da tsada, amma abin wuya mai lantarki daga waje ake shigo da shi, yana da tsada, kuma gyaransa ko samun batirinsa a garuruwanmu aiki ne. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta amfani da shi a kan karnuka tun 2010 saboda jin ƙan dabbobi. Ni dai ba na ba wa wanda bai taɓa zama a gefen gwani ya ga an yi daga farko har ƙarshe ba shawarar ya gwada wannan hanya a kan karensa, kuma dabbar da ke kwana a ƙofar gidan mutum tana yi masa aiki tana da haƙƙin kada a azabtar da ita a kan abin da za a iya koya mata da lallashi.

Hanya ta huɗu: miƙa shi ga ƙwararre

Ita ce mafi tsada, tun da za a biya lada da abincin karen na wata uku ko huɗu, kuma ita ce mafi sauƙi ga mai aikin da ba ya barin sa zama a gida. Sai dai masu horar da karnuka da ake samu a manyan birane yawanci gwanayen karnukan gadi ne, aikinsu koyar da cizo da riƙewa, wanda shi ne kishiyar abin da ake nema a nan. Gara a nemi maharbin tsuntsu ta hannun Sarkin Baka na yankin, a kuma nemi ganin karensa yana miƙa tsuntsu a hannu kafin a yi ciniki. Ɗorewar horon ta dogara ne da maigidan: idan bai je ya koyi kalmomin umarni da alamun hannun da aka yi amfani da su ba, karen zai dawo gida yana yi wa wani biyayya. A kuma tambayi ko sauran karnukan gidan suna da rigakafi.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewar horo | Sauƙi | Babban haɗari | Lokacin farawa |
|---|---|---|---|---|---|
| Wasa da lada | Kaɗan ƙwarai | Matsakaici, mai ƙarfi idan an ƙara darasin riƙe | Mai sauƙi, yana son naci | Gundura, yar da tsuntsu a hanya | Wata 2 zuwa 3 |
| Bin manyan karnuka | Kusan babu | Mai ƙarfi, har da munanan halaye | Mai sauƙi | Tauna da cin tsuntsu, rauni a daji | Bayan rigakafi da horon gida |
| Horon tilas | Matsakaici zuwa mai yawa | Mafi ƙarfi a hannun gwani | Mai wuya sosai | Tsoro, cizo, ƙin aiki | Bayan wata 7 |
| Miƙa wa ƙwararre | Mafi yawa | Ya danganta da maigida | Mafi sauƙi | Mai horon da bai dace ba, kamuwa da cuta | Bayan wata 7 |

Akwai haɗari biyu da ba su shiga jadawalin ba saboda sun shafi kowace hanya. Na farko murar tsuntsaye ce, wadda aka tabbatar da ɓullarta a Jihar Kaduna a farkon 2006 kuma take dawowa lokaci zuwa lokaci, saboda haka tsuntsun da aka tsinta a mace ba a horo da shi. Na biyu doka ce: bindigar farauta tana buƙatar lasisin 'yan sanda a Najeriya, Nijar tana da dokar farauta ta 1998, kuma wurare irin su Yankari da matattarar tsuntsaye ta Dagona a Jihar Yobe ba a farauta a cikinsu.

Wace hanya ga wa?

Manomin da ke fita farautar fakara da zabo bayan kaka, da karen gida guda ɗaya da bindigarsa, hanyar wasa da lada tare da darasin riƙe ta ishe shi, kuma gara ya fara tun damina domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke cikin ƙungiyar 'yan farauta kuma yana son kare ɗaya ya keɓanta da tsuntsu, ya hana kwikwiyon shiga garke har sai ya kawo matacciyar tantabara hannu sau da yawa ba tare da alamar haƙori ba, sannan ya haɗa shi da babban kare guda mai ladabi don ya koyi daji. Wanda karensa na gudu ne zalla, bai nuna sha'awar ɗaukar komai a baki ba har ya wuce shekara, ya fi masa alheri ya bar shi a kan zomo ya nemi wani kwikwiyon, ya kuma zaɓi wanda ya ga yana yawo da takalmi ko tsumma a baki tun yana cikin 'yan'uwansa.

Ma'aikacin da ke barin gida da asuba ya dawo da dare, ƙwararre ne mafitarsa, da sharaɗin ya riƙa zuwa kowane ƙarshen mako ana horon tare da shi. Maharbin agwagin fadama kuwa, irin na yankin Haɗeja da Nguru inda tsuntsu ke faɗawa cikin kacala da ruwa mai zurfi, shi ne kaɗai yake da hujjar tunanin horon tilas, domin karensa zai riƙa shiga inda ba ya so kuma ba a ganinsa. Ko shi ma sai idan karen irin na ɗauko ne mai jure matsi, ya haura wata 7, ya saba da iyo a ruwa maras zurfi da babu taru ko ƙugiyoyin masunta, kuma gwanin da aka ga aikinsa ne zai riƙe kunnen.